Kwamfuta a Ɗakin Likitan Haƙori: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso filinmu na lafiyar baki a wannan karo sun karkata ne ga abu guda, wato aikin haƙori da kwamfuta ke yi wa jagora. Wasu daga likitoci suka fito, wasu daga masu haɗa haƙoran roba, wasu kuma daga marasa lafiya da aka tura su yin hoto mai tsada ba tare da an yi musu bayani ba. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani likita a Zariya: Assalamu alaikum. Shekarata uku da gama karatun likitan haƙori. A taruka ina yawan jin batun dashen haƙori da jagorancin kwamfuta, amma ban taɓa ganin an yi ba. Don Allah yaya ake yin sa daga farko har ƙarshe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Likita. Ka fara da cire wa ranka cewa kwamfuta ce ke huda ƙashi. Hannunka ne zai huda. Aikinta shi ne ta ba ka damar yanke shawarar inda ƙusar dashe za ta zauna tun mara lafiya bai hau kujera ba, sannan ta samar maka da abin da zai tsare hannunka kada ya kauce. Dashen kansa tsohon abu ne, tun 1965 Farfesa Brånemark ya sa wa mutum ƙusar titaniyom a Suwidin. Sabon abu shi ne hanyar saita ta.

Hotuna biyu ake buƙata. Na farko shi ne CBCT, hoton da ake ɗauka da hasken X-ray, mai nuna ƙashi ta kowace fuska: kaurinsa, tsawonsa, hanyar jijiyar da ta ratsa muƙamuƙin ƙasa, da kogon iska na muƙamuƙin sama. Fayil ɗinsa DICOM ake ce masa. Sai dai CBCT ba ya fitar da saman haƙora da kyau, musamman idan akwai cikon ƙarfe ko hular ƙarfe a baki, domin ƙarfen na watsa haske ya ɓata gefensa. Shi ya sa ake ƙara na biyu, hoton siffar haƙora da dasashi, wanda sikana ta cikin baki ke ɗauka ta fitar da fayil ɗin STL. Idan ba ka da sikana, ka ɗauki awon baki yadda ka saba, a zuba filasta, a ɗauki hoton filastar a ɗakin haɗa haƙora. Lokacin ɗaukar CBCT ka sa auduga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa don su ɗan rabu, a cire 'yan kunne da haƙorin roba mai ƙarfe, kuma mara lafiya ya tsaya cak. Motsi kaɗan ya isa ya sa gefen ƙashi ya fito biyu.

Daga nan sai a ɗora hoto kan hoto a cikin manhaja. A nan ne aiki ya fi lalacewa ba tare da kowa ya lura ba. Ka zaɓi aƙalla wurare uku masu nisa da juna, ɗaya a gaba, biyu a baya dama da hagu, manhaja ta haɗa su. Kada ka yarda da ita don ta nuna alamar an dace. Ka bi hoton yanki-yanki ka tabbata layin STL yana bin gefen haƙori daidai a ko'ina. Idan ya kauce da rabin milimita a nan, duk abin da ka gina a kai ya kauce tare da shi.

Wajen tsarawa, haƙorin ake fara zanawa kafin ƙusa. Ka ajiye hula, wato haƙorin da za a ɗora kan ƙusa mara lafiya ya riƙa tauna da shi, a mazauninta, sannan ka nemi inda ƙusa za ta tsaya ta ɗauke ta. Wanda ya fara da ƙusa yakan bi inda ƙashi ya fi kauri, daga baya mai haɗa haƙori ya rasa yadda zai yi da ƙusar da ta leƙo ta gefen kunci. Ƙa'idojin tazara sanannu ne: milimita 2 tsakanin ƙarshen huji da jijiya, milimita 1.5 tsakanin ƙusa da saiwar haƙorin da ke maƙwabtaka, milimita 3 tsakanin ƙusa da ƙusa, sannan a bar ƙashi mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 ta ɓangaren leɓe. Ka tuna cewa tsinin mahuji yakan zarce tsawon da aka rubuta a jikinsa da ɗan kaɗan, ka duba takardar kamfanin ka sa shi cikin lissafi.

Idan tsari ya kammala sai a zana farantin jagora. Wani murfi ne na roba mai tauri da ke hawa kan haƙora, da zoben ƙarfe a daidai inda mahuji zai shiga. Ka sa a buɗe masa tagogi biyu ko uku a kan tsinin haƙora, ta nan za ka gani da idonka ko ya zauna har ƙasa. Injin buga siffa, wato firintar 3D, ne ke fitar da shi.

Ranar aiki, ka gwada farantin kafin ka yi allurar kashe zafi. Idan yana rawa, ko ka ga rata ta taga, ka dakata. Idan ya zauna daram, ka bi mahujai daga ƙarami zuwa babba kamar yadda kamfanin ƙusar ya tsara. Abin da za ka fi kiyayewa shi ne zafi. Ƙashi na fara mutuwa idan ya kai digiri 47 na ma'aunin Salshiyos har tsawon minti ɗaya, kuma farantin na tare ruwan sanyaya mahuji. Don haka ka riƙa shiga kana fitowa, ka bar ruwan gishiri mai sanyi ya sauka cikin ramin, kada ka danna da ƙarfi, kada kuma ka yi aiki da mahujin da ya dakushe. Ƙusar da aka dasa a ƙashin da ya ƙone takan yi ƙarfi ranar farko, bayan 'yan makonni ta fara girgiɗi.

Batun dasawa ba tare da yanka dasashi ba, wanda ake yawan tallatawa, sharaɗi gare shi. Sai ƙashi ya wadata, kuma akwai isasshen dasashi mai tauri da ke manne da ƙashi. Idan ɗan siriri ne ka yanke shi da'ira ka zubar, ka rasa abin da zai kare wuyan ƙusar shekaru masu zuwa. Gara ka tsaga ka ɗaga shi, ka ɗora farantin, ka gama ka mayar.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kano: Turmina biyu na ƙasa aka cire, ina so a dasa mini. Likita ya ce sai na yi wani hoto na musamman, alhali an riga an yi mini hoton baki gaba ɗaya. Wannan ba neman kuɗi ba ne? Kuma hasken ba zai cutar da ni ba?

Amsa: Hajiya, a wannan wuri likitanki na da gaskiya. Hoton da aka yi miki shimfiɗaɗɗe ne, yana nuna tsawon ƙashi amma ba ya nuna kaurinsa, kuma yakan ƙara wa abu girma ba daidai ba. Ƙarƙashin turamen ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji ga leɓe da haɓa. Idan mahuji ya taɓa ta leɓe na iya mutuwa na watanni, wani lokacin ma har abada. Ta ɓangaren harshe kuma ƙashin yakan lotsa ciki, abin da hoton farko ba zai nuna ba sam.

Game da haske, da milisibat ake auna shi, kuma a matsakaici ɗan Adam na shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa shiga asibiti ba. CBCT na ƙaramin yanki yawanci bai wuce abin da kike sha cikin 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni ba, kuma bai kai hoton CT na kai da ake yi a manyan asibitoci ba. Ki nemi a taƙaita hoton ga wurin da za a yi aiki. Idan akwai juna biyu ki faɗa, dashe ba aikin gaggawa ba ne, zai jira. Idan kina da ciwon suga kuma, a daidaita shi tukuna, domin kyawun saiti ba ya sa ƙashi ya warke.

Tambaya daga wani mai haɗa haƙoran roba a Kaduna: Mun sayi injin buga siffa. Sau uku ke nan farantin da muka buga yana ƙin zama a bakin mara lafiya, alhali a kwamfuta komai daidai yake. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ka bi sawun aikin daga baya zuwa gaba. Ka buga samfurin haƙoran daga wannan fayil ɗin ka ɗora farantin a kai. Idan ya zauna a samfuri ya ƙi zama a baki, laifin na awo ne. Idan ya ƙi zama ko a samfurin, laifin na zane ne ko na bugu.

A ɓangaren awo, abu biyu ne suka fi yawa. Aljinet, kwaɓin da ake ɗaukar awon baki da shi, na canja siffa idan aka bar shi, ya bushe ya tsuke ko ya sha ruwa ya kumbura, don haka a zuba masa filasta cikin mintuna kaɗan, ba a ajiye shi sai direba ya zo da yamma ba. Na biyu shi ne jinkiri. Idan an ɗauki awo yau aka yi aiki bayan wata uku, haƙoran da ke gefen giɓi sun ɗan karkata, ko an yi wa ɗaya sabon ciko.

A zane, ka duba ratar da ka bari tsakanin faranti da haƙori. Galibi tsakanin milimita 0.1 da 0.2 take, kuma kowane inji da tasa, sai ka buga gwaji ka gano ta naka. Ka kuma toshe lungunan da ke ƙasan ƙugun haƙori, in ba haka ba farantin zai ciji wurin ya ƙi sauka.

A bugu, kada ƙafafun tallafi su taɓa fuskar da ke hawa kan haƙori ko ramin zobe, domin ɗan tsinin da ya rage bayan an karye su ya isa ya ɗaga farantin. Ka girgiza ruwan robar sosai kafin ka zuba. Wanki da sinadarin isofurofil yana da lokacinsa: idan ya gaza, ragowar ruwan roba zai daskare a ciki ya cike ratar, idan ya wuce kima robar za ta jiƙa ta yi laushi. Ka bari ya bushe sarai kafin ka sa shi a akwatin hasken da ke ƙarasa taurara shi. Akwai kuma abubuwan da takardar kamfani ba ta cika kawowa ba amma su ne namu na kullum. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a gilashin injin tana dusashe haske. Wuta idan ta ɗauke ana tsakiyar bugu, aikin ya tafi, ko an ci gaba akwai layin rauni a wurin. Farantin da aka bari a mota da rana a watan Afrilu yana iya lanƙwasa. Haka ma tukunyar turara kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta, ba kowace roba ce ke jure digiri 121 ko 134 ba. Ka yi amfani da wadda aka rubuta an yi ta don farantin tiyata, kuma ka sake gwada shi a samfuri bayan ka turara na gwaji.

Tambaya daga wata ɗalibar likitancin haƙori a Maiduguri: Idan kwamfuta ce ke saita komai, ashe kuskure ya ƙare ke nan? Me zai sa mu wahala da koyon dashe da hannu?

Amsa: Malama, kuskure bai ƙare ba, raguwa ya yi. A taron ƙwararru da ITI, ƙungiyar masana dashen haƙori ta duniya, ta yi a Amsterdam a 2018, an tattara binciken da aka yi kan farantin jagora, aka samu matsakaicin kaucewa kimanin milimita 1.2 a bakin rami, 1.4 a ƙarshen ƙusa, da karkata ta kusan digiri 3.5. Wannan matsakaici ne, wasu sun fi haka nesa. Dalilin da ya sa aka ce a bar tazarar milimita 2 ke nan ko da ana aiki da faranti. Kaucewar tarawa take yi: kaɗan daga hoto, kaɗan daga haɗa hotuna, kaɗan daga bugu, kaɗan daga 'yar ratar da ke tsakanin mahuji da zobe. Farantin da ya hau haƙora gaba da baya ya fi kowane daidaito. Wanda ya hau dasashi zalla, a bakin da ba haƙori ko ɗaya, ya fi saurin zamewa, domin dasashi na lotsawa kuma allurar kashe zafi na kumbura shi, shi ya sa ake kafe shi da ƙananan ƙusoshi a ƙashi.

Akwai wata hanya da ba ta amfani da faranti, kyamara ce ke bin motsin hannu da muƙamuƙi tana nuna wa likita a allo inda mahuji yake, irin su X-Guide da Navident. A Amurka ma an amince da na'urar Yomi mai riƙe hannun likita tun 2016. Duk da haka ki koyi aiki da hannu da kyau. Faranti na karyewa ana tsakiyar aiki. A turmi na biyu, tsawon faranti da na mahuji yakan fi ƙarfin buɗewar bakin mara lafiya. Wani lokacin ki huda ki ji ƙashin ya yi taushi fiye da yadda hoto ya nuna, dole ki rage faɗin ramin don ƙusa ta kama. Wadda ba ta iya da hannu ba, a irin wannan lokaci ba ta da abin yi, ga mutum kwance baki a buɗe.

Tambaya daga wani mai asibitin haƙori a Sakkwato: Kusan duk abokan aikina sun san da wannan fasaha, amma 'yan kaɗan ne ke amfani da ita. Ni ma ina sha'awa, kuɗin ne ke ba ni tsoro. Da me zan fara?

Amsa: Ranka ya daɗe, abin da ka lura da shi haka yake, kuma ba ƙyuya ce ta jawo ba. Da dala ake sayen kayan, wasu manhajojin kowace shekara sai an sabunta lasisinsu, idan na'ura ta lalace mai gyara na nesa, ga matsalar wuta. Sannan likitoci da yawa a lacca suka ji labarin abin, ba su taɓa zama gaban manhajar sun tsara aiki ɗaya da hannunsu ba. A ganinmu wannan na ƙarshen ya fi tsada tare hanya, domin shi ne ke sa mutum ya ɗauka sai ya mallaki komai kafin ya fara.

Ba sai ka mallaki komai ba. Fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai, wato koyon karanta CBCT. Wanda ya nemi hoto shi ke da alhakin duk abin da ya fito a ciki, har da ƙari ko ciwon da ba shi ya je nema ba, don haka idan hoton ya faɗaɗa ka nemi rahoton ƙwararre. Ka riƙa tura marasa lafiya cibiyar da ke da na'urar, ka ce a ba ka fayil ɗin DICOM cikakke, ba hotunan da aka buga a takarda ba. Manhaja irin Blue Sky Plan ana sauke ta kyauta, sai za ka fitar da zanen faranti ake biya. Ka tsara ayyuka da dama a kanta don koyo kafin ka taɓa kowa.

Idan ka tashi sayayya, sikana ta cikin baki ce farko, domin za ta yi maka aiki kullum a hula da gadar haƙora mai cike giɓi da gyaran jerin haƙora, ba dashe kaɗai ba. Ka tabbata tana fitar da STL a buɗe, ba wadda za ta ɗaure ka da kamfani ɗaya ba, kuma ka tambayi kuɗin shekara da na kawunan da ake canjawa kafin ka biya. Injin buga siffa ya biyo baya, tare da batirin ajiyar wuta da zai riƙe shi har ya gama. Na'urar CBCT ita ce ƙarshe. Tana buƙatar ɗaki mai kariya daga haske da lasisin NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya da irin wannan haske a Najeriya, kuma asibiti ɗaya da ke dashe jefi-jefi ba zai mayar da kuɗinta ba. Likitoci huɗu ko biyar a gari ɗaya su tura wa na'ura guda ya fi ma'ana.

Aikinka na farko ya zama mai sauƙi: giɓin haƙori ɗaya, da lafiyayyun haƙora gaba da baya, ƙashi wadatacce, nesa da jijiya. Idan wani kamfani ne ya tsara maka, kada ka amince sai ka duba kowane yanki da kanka. Idan aka taɓa jijiya, kai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya za ta tambaya, ba wanda ya zana ba.

Tambaya daga wani magidanci a Maraɗi: Da gaske ne ana iya yi wa mutum hular haƙori a rana ɗaya?

Amsa: Da gaske ne, Alhaji, kuma ba yau aka fara ba. A Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan, Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙirƙiro na'urar CEREC, aka yi wa mutum na farko aiki da ita a 1985. Likita zai fere haƙori, ya ɗauki siffarsa da sikana, ya zana hula a allo, inji ya sassaƙa ta daga dunƙulen tangaran cikin kusan kwata na awa. Wani irin tangaran sai an gasa shi a wajen digiri 850 kafin ya yi ƙarfi ya ɗauki launin haƙori. Zakoniya kuwa, wani nau'in tangaran mai ƙarfi, babba ake sassaƙa ta, domin tana tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka gasa ta a wajen digiri 1,500. Inda aikin ke ɓaci shi ne gefen hula. Sikana abin da ta gani kawai take ɗauka, idan jini ko miyau ko dasashi ya rufe layin da aka fere, manhaja za ta cike wurin da ƙiyasi, hula ta fito da rata, abinci ya riƙa maƙalewa har haƙorin ya ruɓe daga ƙasa. Idan dasashinka na zubar da jini, likitan da ya ce ka fara wanke haƙora ka dawo bayan mako ɗaya ko biyu ya kyauta maka.

Tambaya daga wata likita a Jos: Ina da mara lafiya da haƙorinsa na gaba ya bugu tun yana yaro, yanzu hanyar jijiyar ta toshe, ga ƙurji a ƙarshen saiwa. Na ji ana amfani da faranti a irin wannan.

Amsa: Ana yi, Likita. Likitocin Jami'ar Basel ne suka yi fice wajen bayyana hanyar tun wajen 2016. Tsarin ɗaya ne da na dashe, CBCT na ƙaramin yanki mai tsananin fitar da hoto, a haɗa da STL, a ja layi daga bayan haƙori zuwa inda hanyar ta fara bayyana, a huda da siririn mahuji mai kauri kusan milimita 1. Mahujin ba ya lanƙwasa, don haka a miƙaƙƙen ɓangaren saiwa kawai yake aiki. Ki riƙa shiga milimita 2 ki tsaya, ki wanke, ki gwada da ƙaramar allurar saiwa mai lamba 8 ko 10, sannan ki ɗauki hoto daga kusurwa biyu kafin ki ƙara zurfi. Da zarar allurar ta faɗa hanyar, ki cire farantin, ki sa robar killace haƙori, ki ci gaba da aikin saiwa yadda kika saba.